Idan Baƙo Ya Nemi Asibitinmu a Waya, Zai Same Shi Kuwa?

A wannan fitowa ina so mu yi magana a kan wani aiki da ba ya cin kuɗi, ba ya kuma bukatar siminti ko kwano, amma yawancin ɗakunan shan magani da ƙananan asibitocinmu na karkara ba su yi shi ba. Waɗanda suka yi kuwa, da yawa sun yi shi a karkace. Bari in fara da abin da ya faru a ɗaya daga cikin ƙauyukan da nake zagayawa.

Wani direban babbar mota ya zo daga nesa ɗaukar masara. Sun gama lodi da dare, ana yayyafi, sai yaron motarsa ya zame daga saman buhuna, wani ƙarfe ya tsaga masa cinya. Jini yana ta zuba. 'Yan dako sun riga sun watse, kasuwa ba kowa. Direban ya ɗaure wurin da tsumma, ya ciro wayarsa ya nemi asibiti mafi kusa. Sunan asibitin ikkilisiyar garin ya fito. Ya bi hanyar da wayar ta nuna masa, tafiyar fiye da rabin awa a kan hanya mai ramuka, har ta tsayar da shi a ƙofar wata makarantar kwana da ke ƙetaren rafi. Ya kira lambar da ke ƙarƙashin sunan, wata mace ta ɗauka ta ce ita ba ta san wani asibiti ba, layin nan sayensa ta yi a shago. Maigadin makarantar ne ya gaya masa ya koma inda ya fito, gama asibitin yana nan a bayan kasuwa.

Yaron ya rayu, mun gode wa Allah, amma jinin da ya zubar ya sa dole aka wuce da shi babban asibiti don ƙarin jini. Kafin direban ya tafi ya ce wa malamin asibitin, "Malam, don Allah ku gyara abin nan na waya. Yau an yi sa'a, gobe ba a san wanda zai bi shi ba."

Da muka bincika sai muka tarar cewa wani matashinmu ne ya sa asibitin a taswira shekarun baya, da zuciya ɗaya. Lokacin yana koyarwa a waccan makaranta, a can yake zaune sa'ad da ya yi aikin, sai wayar ta ɗauki wurin da yake a matsayin wurin asibiti. Lambarsa ya sa, daga baya layin ya ɓace. Ni kaina ina wurin taron da ya ba da labari cewa ya sa mu a intanet. Muka tafa masa. Ba wanda ya ce, kawo mu gani, har da ni.

Wane ne ke nemanmu a waya?

Sa'ad da na kawo wannan magana a kwamitin lafiya na wani gari, wani dattijo ya ce mini, "Ɗana, asibitin nan ya girme ka. Ko makaho a garin nan ya san hanyarsa." Na ce, "Gaskiyarku, Baba, amma ba domin 'yan gari muke yi ba."

Ku duba masu shigowa garuruwanmu yanzu. Akwai direbobi da fatake, akwai 'yan bautar ƙasa, akwai malamin makaranta da aka yi wa canji, akwai 'yan ƙwadago da ke zuwa lokacin girbi, da makiyaya, da waɗanda rikici ya kora daga garuruwansu suka zo suka zauna a cikinmu. Asibitinmu na kowa ne, ba ya tambayar mutum addininsa a ƙofa. Sa'an nan akwai waɗanda na fi tunawa da su, wato 'ya'yanmu da ke Jos da Kaduna da Abuja da Legas. An kira yaro da tsakar dare an ce Mama ba lafiya. Abu na farko da yake so shi ne lambar asibitin gida, ya ji ko akwai ma'aikaci a wurin, ko a wuce da ita gaba. Idan bai sami lambar ba, yakan ce a ɗauki shatar mota zuwa birni, a kashe kuɗi mai yawa a kan zazzaɓin da za a iya yi wa magani a gida.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, taswirar Google Maps kuma ta fito a 2005. Yau kusan duk wayar Android da ita take zuwa. A 2024 kamfanin Google ya ƙara Hausa cikin harsunan da mutum zai iya yin bincike da baki, ya yi magana kawai wayar ta nemo masa. Ke nan ko wanda bai iya rubutu ba ya shiga cikin masu nema.

Yadda waya ke zaɓen wanda za ta nuna

Google ya bayyana da kansa cewa abubuwa uku yake dubawa idan mutum ya nemi wani wuri kusa da shi. Na farko dacewa: ko abin da aka rubuta game da wurin ya yi daidai da abin da mutumin yake nema. Na biyu nisa. Na uku shahara, wato yadda aka san wurin, da yawan mutanen da suka yi magana a kansa, da ambatonsa a wasu wurare a intanet. Ya kuma ce babu hanyar biyan kuɗi don a ɗaga mutum a wannan jeri. Talla daban take, akan kuwa sa mata alamar cewa talla ce.

A birni, inda asibitoci goma suke a titi ɗaya, masu su kan yi ta kokawa a kan wa zai fito a sama, har su ɗauki ma'aikaci domin wannan kaɗai. Mu ba mu da wannan wahala. Sau da yawa mu kaɗai ne a tsakanin ƙauyuka biyar ko shida, nisa yana gefenmu. Abin da ya rage mana shi ne mu kasance a taswirar, abin da aka rubuta a kanmu kuma ya zama gaskiya. Don haka kafin kome, a sami matashi mai babbar waya ya buɗe Google Maps ya rubuta sunan asibitin. Ɗaya cikin uku zai tarar: ko babu shi sam, ko yana nan daidai, ko yana nan da kuskure. Na ukun ya fi na farko haɗari.

Maganar suna

A nan ne aka fi samun gardama, shi ya sa zan ɗan daɗe a kai. Duk wanda ya san Jos ya san asibitin da a takarda ake kira Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham, wanda dā ake kira Asibitin Evangel na ECWA. Amma idan ka tare mai Keke ka ce Jankwano, ba zai sake tambayarka ba. Haka yake a ƙauyukanmu. A takardar rajista suna ɗaya, a allon bakin hanya wani, a katin marasa lafiya wani, jama'a kuwa suna cewa "asibitin mishan" ko su kira shi da sunan wata nas da ta yi aiki a wurin shekara talatin da suka wuce. Na taɓa ƙirga sunaye huɗu a kan gini ɗaya mai ɗaki uku.

Waya ba ta da wayon gane cewa duka wuri ɗaya ne. Dokar Google ita ce a rubuta sunan da ke kan allon wurin, wanda ake amfani da shi a zahiri. Saboda haka gyara daga allo yake farawa. Kwamiti ya zauna ya tsai da suna guda, wanda ya yi daidai da takardar rajista, a sa shi a allo da kati da rasit da hatimi, haruffa iri ɗaya, har da sunan garin yadda aka saba rubuta shi. Sunan da jama'a suka saba da shi kada a yar da shi. Akwai wurin rubuta bayani a kan asibitin, mai ɗaukar haruffa 750, a can za a ce "wanda aka fi sani da asibitin mishan". Idan ma za a sake fentin allo, a ƙara shi a ƙasa da ƙananan haruffa.

Kada a cusa wa suna kirari, irin su "mafi kyau" ko "mafi arha a jihar nan". Wannan ya saɓa wa dokarsu, yana iya sa a dakatar da shafin gaba ɗaya, maido da shi kuwa wahala ce.

Jan ɗigo ya zauna a ƙofa

Kuskuren da ya ɓatar da direban nan yana da sauƙin kaucewa. Mai yin aikin ya je da ƙafarsa ya tsaya a ƙofar da mota ke shiga, a fili, ba a ƙarƙashin rufin kwano ba. Ya kunna abin nuna wuri na wayar, ya jira shuɗin ɗigon da ke nuna inda yake ya daina yawo. Sa'an nan ya juya taswirar zuwa hoton tauraron ɗan adam, ya ga rufin ginin da idonsa, ya danna wurin ya riƙe har jan ɗigo ya sauka. Daga nan zai ga inda ake ƙara sabon wuri, ko inda ake gyara wanda ke akwai.

Za a tambaye shi adireshi, mu kuwa ba mu da sunan titi balle lambar gida. Ya rubuta unguwa da gari da ƙaramar hukuma da jiha. Ban da wannan akwai wani abu mai amfani da ake kira Plus Code. Gajeriyar lamba ce ta haruffa da alƙaluma, da alamar tarawa a tsakiya, wadda ke nuna fili mai faɗin kimanin mita 14 a ko'ina a duniya. An yi ta ne musamman domin wuraren da ba su da adireshi. Idan aka taɓa jan ɗigon za a gan ta a cikin bayanin wurin. A kwafe ta a hankali a rubuta a allo da bayan kati. Duk wanda aka tura wa ita a saƙo, ya haɗa da sunan gari, zai iso ƙofa.

Abu ɗaya da taswira ba ta sani ba shi ne halin hanyoyinmu. Ba ta san rafi yakan cika a watan Agusta ba, ba ta san kwalbati ya karye ba. Gajeriyar hanya kawai take nunawa. Saboda haka a wurin bayani a rubuta, misali, "da damina a biyo ta hanyar kasuwa, kada a bi ta rafi".

Sa suna daban, mallaka daban

Kowa yana iya ƙara wuri a taswira, kowa kuma yana iya ba da shawarar a canza lamba ko lokacin aiki. Idan asibitin bai karɓi shafinsa a hannu ba, wani yana iya canza masa bayani bai sani ba. Hanyar karɓa ita ce Google Business Profile, wanda kafin ƙarshen 2021 ake kira Google My Business. Kyauta ne.

Ana bukatar asusun Google, kamar adireshin Gmail. Ina roƙonku, a buɗe sabo da sunan asibitin, kada a yi amfani da na wani mutum, ko da fasto ne ko malamin asibiti. Ma'aikata ana yi musu canji, matasa suna tafiya makaranta, wani lokaci kuma akan rabu ba da daɗi ba. A rubuta kalmar sirrin a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardun filin asibitin, mutum biyu ko uku su san da ita. Shafin yana ba da damar a ƙara masu taimakawa, kowa da nasa adireshin, ba tare da an ba su mallaka ba. Matashin da ya iya waya a nan ne wurinsa.

Daga nan Google zai so ya tabbatar cewa masu wurin ne da gaske. Shi ne yake zaɓen hanyar, ba mu ba. Wani lokaci lamba ce yake turowa ta waya ko imel, wani lokaci kati ta gidan waya, wanda a ƙauye da wuya ya iso. Yanzu an fi neman bidiyo. Ana ɗaukarsa a take daga cikin shafin, a jere ba yankewa: a nuna hanya da abin da ke kewaye, a nuna allon suna, a nuna ana buɗe ƙofa da mabuɗi, a shiga a nuna kayan aiki. Kada fuskar mara lafiya ko littafin rajista su fito a ciki. A zaɓi lokacin da sabis yake da ƙarfi, a kuma yi haƙuri, gama dubawar tana iya kai kwana biyar na aiki. Idan ba a karɓa ba a sake. Sau da yawa rashin allo mai karantuwa ne dalili.

Lambar waya

Asibiti ya mallaki layinsa. Tun Disamba 2020 gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar NIN, an kuma rufe waɗanda ba a haɗa ba. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuwa kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani, kamar yadda ya faru a labarinmu. Don haka a riƙa sa masa kati ana kira da shi. Ƙaramar waya mai riƙe caji ta fi babba amfani a nan. Ta zauna a hannun duk wanda yake bakin aiki, a miƙa ta tare da mabuɗi idan an canji juna. Dā akwai hanyar tura saƙo ta cikin shafin Google, amma an rufe ta a Yuli 2024. Wanda yake son saƙo ya yi amfani da WhatsApp.

A faɗi abin da ake yi, a faɗi abin da ba a yi

Wannan ne zuciyar maganar. Akwai jarabar rubuta cewa a buɗe muke awa 24, domin ya fi daɗin gani. Idan ma'aikaci ɗaya ne, yana kuma tafiya gida da ƙarfe huɗu, to a rubuta ƙarfe huɗu. Idan yana kwana a gidan ma'aikata ana iya tashinsa, a rubuta lokacin aiki na gaskiya, a ƙara a bayani cewa da dare a kira wannan lamba. A sa ranar awon ciki da ranar rigakafin yara. A faɗi yadda Lahadi take. Akwai wurin sa lokaci na musamman domin ranakun hutu, a cika shi kafin Kirsimeti da Ista da Sallah, lokacin da baƙi suka fi yawa a gari.

Za a kuma nemi a zaɓi irin wurin. Ɗakin shan magani kada ya kira kansa babban asibiti. Masu aikin lafiyar mata suna maganar jinkiri uku da ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa, da jinkirin samun taimako bayan an isa. Mace mai zubar da jini da aka kawo wurin da ba a ƙarin jini, ba a tiyata, saboda waya ta ce babban asibiti ne, an ƙara mata jinkiri, mu ne kuma muka ƙara.

Ku ɗauki saran maciji. A yankunanmu na Gombe da Taraba da kudancin Filato, kububuwa tana sarar manoma da makiyaya kowace shekara, dafinta kuma yana hana jini daskarewa. Allurar dafin ba a kowane asibiti ake samunta ba, shi ya sa mutane suke tafiya Kaltungo a Jihar Gombe ko Zamko a ƙasar Langtang. Idan asibitinku ba shi da ita, ku rubuta a fili: "Ba mu da allurar saran maciji, a wuce wuri kaza." Wani ɗan kwamiti ya taɓa ce mini wannan korar ciniki ne. A ganina ba ciniki muka rasa ba, gama ko an kawo mutumin turawa za mu yi. Awa guda muka rage masa a hanya.

Abin da ake yi kuwa a lissafta shi da kalmomin da mutane suke nema da su: awon ciki, karɓar haihuwa, rigakafi, gwajin zazzaɓin cizon sauro, awon hawan jini, awon sukari, wankin ciwo, ƙarin ruwa. A rubuta da Hausa da Turanci duka.

Hotuna da sirrin mara lafiya

Hoto uku ko huɗu sun isa: allo, ƙofa, ginin daga bakin hanya, da kwanar da ake juyowa daga babban titi. A ɗauka da rana. Amfaninsu shi ne baƙo ya gane wurin idan ya gan shi.

Hoton marasa lafiya kuwa a'a. Na ga shafin da aka sa hoton mata a layin awo, kowace ana gane ta, da na yaro mai tamowa ba riga. Mai sawa yana ganin yana nuna aiki ne. Amma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar mutum sirri ne, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ma ta sa shi cikin bayanan da ake yi wa tsaro na musamman. Ko babu doka, mun san garuruwanmu. Idan aka ga hoton mace a ranar karɓar wani irin magani, kafin yamma labari ya gama gari, ita kuwa ba za ta ƙara dawowa ba.

Taurari

Duk wanda ya zo yana iya ba wurin tauraro ɗaya zuwa biyar, ya kuma rubuta ra'ayinsa. Wannan yana cikin abin da ke ƙara shahara. Ba laifi a ce wa wanda ya ji daɗin aiki, in yana so, ya rubuta abin da ya gani. Amma mu muna da wata jaraba da asibitin ɗan kasuwa ba shi da ita. Sanarwa ɗaya bayan sujada ta isa ta sa matasa arba'in su ba da tauraro biyar-biyar, alhali rabinsu ba su taɓa shan ko farasitamol a wurin ba. Dokar Google ta hana ra'ayin ƙarya, ta hana a ba mutum kuɗi ko ragi don ya yaba, sukan kuma goge irin waɗannan. Ban da haka, shaidar zur ce, ko da domin asibitin ikkilisiya aka yi ta.

Wata rana wani zai rubuta abin da ba daɗi. Kada a amsa da zafi, kada kuma a ce "ai kai ne ka zo da ciwo kaza ba ka biya ba". Ko tabbatar da cewa mutumin ya taɓa zuwa jinya bai kamata ba. A ce kawai, "Mun gode da ka faɗa mana. Don Allah ka kira wannan lamba mu ji abin da ya faru." Sa'an nan a kai maganar gaban kwamiti. Idan mutum uku suka ce sun zo ba kowa, to ba ƙiyayya ba ce.

Masu kemis, ungozoma da sauransu

Abin da na faɗa ya shafi mai kemis, da mai gwajin jini, da mai awon ido, da mai ɗori. Sai dai shiga taswira ba lasisi ba ne. Asibiti yana bukatar rajistar ma'aikatar lafiya ta jiha. Mai kemis yana bukatar izinin Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Najeriya, kuma iyakarsa sayar da magungunan da aka yarda masa, ba allura ko ƙarin ruwa ba. Wanda ba likita ba kada ya sa Dokta a gaban sunansa. Tallar magani, na Bature ko na gargajiya, sai da izinin NAFDAC. Shafin da ya ce yana warkar da sikila ko ciwon daji, ku gargaɗi mutanenku a kansa.

Akwai kuma 'yan damfara. Da zarar lambar ta fito a taswira, wani yana iya kira ya ce daga Google yake, a biya kaza ko a cire sunanku, ko ya ce a karanto masa lambar da aka turo yanzu. Ba a biyan ko kwabo domin wannan shafi. Lambar da aka turo kuwa mabuɗi ce, wanda ya karɓe ta ya karɓe shafin.

Google ba shi kaɗai ba ne. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya tana da rajistar wuraren kiwon lafiya na ƙasa duka a intanet, a tambayi jami'in lafiya matakin farko na ƙaramar hukuma ko sunanmu yana ciki daidai. Akwai kuma OpenStreetMap, taswirar da 'yan sa-kai suke zanawa tun 2004, wadda ƙungiyoyin agaji suke yawan dubawa. Idan akwai shafin Facebook, suna da lamba su zama iri ɗaya da na allo.

Gwaji

Bayan an gama, kada a tafa tukuna. A nemi wani daga wani gari, wanda bai san wurin sosai ba, ya nema a wayarsa, ya kira lambar, ya bi hanyar a kan babur har ƙofa. A maimaita wannan duk wata uku, da duk lokacin da aka canza ma'aikaci, da farkon damina. A littafin rajista kuma a ja layi ɗaya a ƙara tambaya ga sababbin zuwa: yaya kuka san da mu?

A garin da na ba ku labari, mun matsar da jan ɗigon zuwa bayan kasuwa, gyaran ya fito bayan 'yan kwanaki. Sai muka tarar ashe akwai wani shafi na biyu da tsohon sunan asibitin, shi ma da wata matacciyar lamba, sai da muka kai ƙararsa sau biyu kafin a cire. Zumuntar mata ta biya kuɗin sabon allo mai fenti mai ƙyalli da dare, aka kafa shi a kwanar kasuwa da kibiya da lambar waya. Wayar asibitin yanzu tana ɗaure da igiya ɗaya da mabuɗin ɗakin magani, ana yi mata caji da solar firjin rigakafi. Duk kwamitin da yake so a yi wannan aiki tare da shi, ya shirya takardar rajista da sunan da aka amince da shi kafin zagayenmu na gaba.